Wadda Ta Danne Tanimu Tela

Tanimu tela ya zo Yamai daga Tawa da keken ɗinki ɗaya da baki mai yawa. Shekara goma sha tara yana gefen Babbar Kasuwa, bai taɓa yarda shi ya ɓata wuyan riga ba. Kullum laifin yadi ne.

Ana saura mako biyu sallar layya ya daina barcin kirki. Ɗinki, shayi mai kauri, ɗinki. Bayan azahar sai ya miƙe rigingine a kan benci. Ran nan ya farka, yana jin hayaniyar kasuwa sarai, amma ko ɗan yatsansa ya ƙi motsi, ƙirjinsa kamar an aza masa buhun gero. Dannau ke nan. A bakin ƙofa kuma ya ga inuwar mace.

Mace ɗaya ce ke zama a wurin: Delu, tsohuwa mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, wadda ta riga shi zuwa layin. Gogan naka bai yi wata-wata ba.

"Ita ta! Ta kama mini kurwa!" in ji shi.

Kafin la'asar duk layin teloli ya ji Delu mayya ce. Wa zai ci kwaɗon mayya? Kwana uku tana komawa gida da robarta cike.

Da abin ya sake danne shi, ya lallaɓa asibitin unguwa a ɓoye. Balkissa, malamar asibitin, ta saurare shi har ƙarshe.

"Malam, ba kowa ba ne," ta ce. "In mutum yana mafarki, jiki kan kulle kansa don kada ya yi ta bige-bige. Kai ka farka, jikin bai farka ba tukuna. Inuwar ma ragowar mafarki ce. Ka yi barci isasshe, ka rage shayi, ka kwanta a gefenka."

"To, madam."

Ya gane sarai. Ba wawa ba ne, matsoraci ne kawai. Ya tsaya gaban teloli ya ce ya yi wa tsohuwa ƙazafi? Ina! Ya bi maganar Balkissa tiryan-tiryan, ya ja bakinsa ya yi gum.

A satin Delu ta tattara kayanta ta bar layin. Dannau ya daina zuwa.

Habibu, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo. "Yaya jiki, maigida?"

Tanimu bai ko ɗaga kai daga keke ba. "Lahiya lau," ya ce, "tun ranar da ta tahi."