Tukur Mai Fenti da Ɗakin Maijego

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake ta yau ba tatsuniya ba ce. Mai ita yana Gaya da ransa, ni kuma raina a ɓace yake.

Shekara talatin da huɗu Tukur mai fenti yana ɗaure tsani a bayan babur da sassafe, ya nufi Ajingi ko Gafasa. Bai taɓa buɗe bokiti ya hau shafa ba. Sai ya sunsuna, ya juya da sanda har ƙasa, ya shafa faɗin tafin hannu a bango, ya zauna jiran ya bushe. Sannan ya goga jiƙaƙƙen tsumma. In launi ya biyo tsumman, sai ya ce, "Alli ne da ruwa, ku mayar wa mai shi." Wai don wannan marasa kunya suka sa masa Sarkin Nawa, wai ba ya sauri. Nawa! To ku saurara.

Bara waccan jikata Zulfa ta haihu a Toranke. Kwana biyu da haihuwa, mijinta Hafizu ya ga bango ya yi dauɗa, ga 'yan suna tafe. Ya ɗauko fentin mai a kasuwa, bokitin ko suna babu, ya kira Tukur.

Tukur ya sunsuna, ya kawar da kai. "Ɗana, da kananzir aka tsinka wannan. Ina maijego za ta kwana?"

"A ciki mana, Baba. Ina ake kai maijego?"

"Da jaririya, taga a rufe, garwashi a kasko? Ba da hannuna ba. Bari a yi arba'in, in zo da na ruwa marar wari."

"Ɗakina ne fa!"

"Ɗakinka ne. Ƙirjin kuwa na yarinyar ne."

Hafizu ya samo wani mai saurin hannu, kafin la'asar bango da silin suna ta ƙyalli. Washegari jaririya ta ƙi nono, numfashinta yana kukan usur. Zulfa sai amai da ciwon kai. Zafin garwashi ya sa silin ya yi bororo yana zubowa. Ni da hannuna na tsinci ɓawon fenti a wuyan 'yar kwana uku! Don dai mata su ce ɗaki ya yi kyau?

Kwana biyu muka yi a asibiti. Kafin mu dawo, Tukur ya zo ba wanda ya aika masa, ya ɓalle ƙyaure, ya wangale taga, ya hau kankare fentin. Kwana huɗu yana yi, ƙura a gemu. Ya shafa mai kyau hawa biyu, ya hana kowa kwana ciki har sai da hancinsa ya yarda. Ko sau ɗaya bai ce wa Hafizu "ai na faɗa maka" ba. Ni ce na faɗa, kuma na maimaita. A ɗakina aka yi suna.

Tukur, kai ne ka gwammace a zage ka da a cuci jariri. Kai ne mai tsumma, maganin maha'inta. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba kafaɗar nan taka lafiya. Ku kuma masu buroshi, ku je ku zauna gabansa tun yana iya nuna muku, ku daina shafa wa bayin Allah ciwo.

Yanzu kafaɗa ta sa Tukur ya jingine tsani. Khaula, jaririyar nan, tana gudu a tsakar gida. Zulfa ta koma ɗakinta. Hafizu ba ya sayen fenti sai da tsumma a aljihu. Mai saurin hannun nan kuwa yana nan yana shafe ɗakunan mutane, ba wanda ya ce masa kanzil.