Baba Alden da Gindin Agogon Kaka

Baba Alden Pruitt ba ya gyara injin agogo. Ka kai masa wanda ya tsaya, zai nuna maka ƙofa ya ce ka je Bristol. Shi katako kawai ya sani, wato gidan da agogon bango ke zaune a ciki, irin na da ɗin nan masu curin dalma a rataye da igiya, yana sauka a hankali har sati ya cika. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin kujeru, aka rufe kamfanin, ya dawo garejinsa a Terryville da yatsu tara da rabi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Ohio. Kowa ya san shi a garin, amma ban taɓa jin wanda ya ce yana kewarsa ba. Ni ma tsiyar da na tafka ce ta kai ni.

Kakata Eunice ta faɗi ta karye a kwankwaso. Likita ya ce ita da hawa bene har abada, sai aka samo mata ɗaki a ƙasa kusa da mamata, muka kwashe kayanta tana asibiti. Abu ɗaya ta ja mana kunne a kai, agogon babanta. Tun tana 'yar shekara shida take jin ƙararsa, kuma duk Lahadi ita take wana shi da hannunta. Na ce kar wanda ya taɓa, yayyena dabbobi ne, ni zan ɗauka.

Na sauke shi, na jingine shi a kujerar gaban a-kori-kurata, har bel na ɗaura masa kamar mutum. Ba wanda ya gaya mini ana cire dalmar kafin a motsa shi. Ko an faɗa ban ji ba. Rami ɗaya na faɗa a hanya. Igiyar ta tsinke, dalmar ta fasa katakon gindin ta fito ta dira kusa da ƙafata, gefe ɗaya kuma ya tsage har sama. Na tsaya bakin titi na zage ramin tas, na yi kuka, sannan na sayi gam ɗin nan mai kamawa nan take na lafta. Abin ya ƙara muni.

Garejin Baba Alden wari yake kamar ana dafa tsohon takalmi. Gam ɗinsa ne, na fata, kullum yana kan wuta a wata 'yar tukunya. Ya daɗe yana juya agogon.

"Wa ya sa wannan gam?"

"Yayana."

"Shi ne kuma ya manne miki yatsun nan biyu?"

Na ɓoye hannun a aljihu. Na ce, "Baba, sati biyu za a sallamo ta. Ka taimaka ka yi yadda ba za ta gane ba."

"Ta waje ko wanda ya ƙera shi ba zai gane ba. Amma zan rubuta a ciki."

"Rubuta me?"

Ya buɗe wani agogon da ke kan tebur ya nuna mini. A allon baya, da fensir, ya sa rana da shekara, abin da ya canza, da abin da ya jawo. Haka yake yi wa kowanne tun da ya fara. Ya ce wanda zai buɗe bayan shekara hamsin bai yi masa laifin komai ba, don me zai yi masa ƙarya.

"Kaka tana buɗe ƙofar nan duk Lahadi. Za ta gani."

"Za ta gani."

"To ka rubuta ƙanana."

"Idona ba ya ganin ƙanana, yarinya."

Na kira shi mugun tsoho, a gabansa. Ya ce an riga ni.

Duk sanda na tashi daga aiki a gidan abinci sai na biya. Kwana uku ya yi yana kankare gam ɗina da reza, yana tsaki. Na ce ya bi duka da samfefa ya shafa sabon fenti mana, ga baƙin datti ko'ina. Ya kalle ni kamar na ce ya aske wa gawa kai. Wai wannan baƙin hayaƙi ne da hannun mutane na shekara ɗari da hamsin, ba a sayar da shi a kanti. Ya shiga tarin karyayyun durowoyin da yake tsinta a bola, ya zaɓo katako sa'an agogon, ya yanka, ya manna, ya dama kunkunniya da kakin zuma yana gogawa da babban yatsa. Wani abokinsa ya zo daga Bristol ya sa sabuwar igiya.

Rana ta tara ya miƙo mini ledar ɓaraguzan tsohon gindin. A bayan wani ɓalli akwai hoton rabin lemu.

"Wannan ba nasa ba ne tun asali. Akwatin lemu ne, wani ya shafe shi da man takalmi. Dubi ƙusoshin, a karkace. Kuma bai rubuta ba."

Wallahi ya fi jin haushin mutumin nan a kaina. Na ce ashe ba laifina ba ne. Ya ce, "Ke dai kika fasa. Je ki faɗa mata kafin fensir ya riga ki."

Na je asibiti. Kaka tana zaune tana cin mutuncin miyar da aka kawo mata.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Na zazzage komai a numfashi ɗaya, har gam ɗin, na ajiye mata ledar a cinya. Ta ɗauko ɓallin mai lemu ta kai shi kusa da tabarau. Ta yi ta juya shi har na fara neman ƙofa da ido.

"A mota?" ta ce.

"A mota."

"Ba ki cire dalmar ba."

"Ban cire ba."

"Ni a cinya na riƙe shi. Shekarar da aka haifi uwarki, muna tashi daga Waterbury. Curin dalmar ya fasa gindin, saura kaɗan ya karya mini yatsan ƙafa. Kakanki ya ɓare akwatin lemu ya buga kafin babana ya iso. Har babana ya koma ga Allah bai sani ba."

"Kaka, ba ki faɗa masa ba?"

"Ni ina da hankali. Ke ce sakarai mai saurin baki." Ta tura mini miyar. "Yana tafiya dai?"

"Yana tafiya."

"To sha wannan, kin rame kamar tsintsiya."

Na shanye tas. Ba gishiri, amma rabona da abinci ya zauna mini kwana tara ke nan.

Ranar da aka sallamo ta, Baba Alden da kansa ya kawo agogon, wai ba zai ƙara bari na riƙe ko cokali ba. Ya rataye, Kaka ta ce ya karkace. Ya ce bangon ne a karkace. Ta ce idonsa ne. Suka yi ta yi har ta sa mamata ta dafa masa kofi, ya ce sauri yake, sannan ya ja kujera ya sha kofi uku. Ni dai na miƙe a ƙasa tsakanin kwalaye, suna cikin musu barci ya kwashe ni.