Rubutun Kaka a Ƙarƙashin Eter

Har yau in na shige gaban tsohon ginin likitar Madarumfa sai ranar Lauratu ta faɗo mini. Lokacin mulkin Diori ne, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ni garson ne, mai shara da wankin kwanoni, an koro ni daga lakwal, wato makarantar boko, saboda surutu. Surutun nan shi Majo Haruna, babban ma'aikacinmu, ya mai da aiki. Ya ce, "Ɗan Bala, bakinka rabin maganin barci ne."

Ku na yau ba ku san eter ba. Wata 'yar rariya ake kifa wa yaro a hanci, a shimfiɗa ƙyalle, a riƙa ɗiga magani har barci ya kwashe shi. Doka guda ce: ciki ya zama wayam, don in amai ya taso ya faɗa huhu, shi ke nan.

Lauratu 'yar yarinya ce, kakarta ta kawo ta daga Gabi a amalanken jaki, da ƙaton ƙurji a cinya, ba ta iya kaiwa Maraɗi. Na tari tsohuwar, "Matata, kin ba kishiyar taki wani abu?"

Ta ce, "Miji ba ko wandon kirki. Ko hura ba ta gani ba."

Na zauna ina yi wa Lauratu ƙaryar wani kifin tafki mai sa hula, tana dariya har eter ya sa ta yi laushi. Majo ya tsaga ƙurji ke nan sai baƙin ruwa ya ɓullo mata ta baki da hanci. Leɓɓanta sunka yi toka.

Majo bai ɗaga murya ba. "Ɗaga ƙafar tebur. Juya ta gefe." Ya zura roba a maƙogwaronta, ya riƙa tsotsa da bakinshi yana tofarwa. Ni kuwa ina riƙe da ƙafar tebur. Can sai ta yi tari, ta tsandara kuka.

Ashe rubutu ne. Malamin garinsu ya wanke allo, ƙwarya cike, tsohuwa ta ɗura mata a bayan darni. Ta ce, "Ɗana, za ku kai ta bakin lahira, in bar ta ta tafi hannu sake?"

Na zaci Majo zai yi faɗa. Sai ya durƙusa ya ce, "Inna, kin yi gaskiya. Gobe ki kawo mini, ni zan shafa mata da hannuna."

Tun ran nan duk yaron da za a kwantar, Majo kan tambayi rubutunshi, ya shafa mishi a goshi da ƙirji, sauran a aje sai ya farka. Ba wanda ya ƙara sha a ɓoye.

Abin da na koya, mutanenmu ba hani suke so ba, a ba tsoronsu wurin zama. Majo ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙanshi. Wani lokaci sai in ji da ma ya sake cewa in ɗaga ƙafar tebur.