Na je Ghuddwa neman Bulus

Mu biyar ne a motar ranar: ni, da dattijon da ke ja mana addu'a ran Lahadi a ɗakina na unguwar Mahdiya a Sabha, da direba, da leburori biyu 'yan Damagaram masu zuwa yankan dabino. Mun bar Sabha da asuba, ko shayi ban kurɓa ba.

Bulus ne ya fitar da ni, magidanci ɗan garinmu, wanda na kora daga addu'a wata takwas da suka wuce. Ya samu aiki a wata gona, ya ce wa mai gonar sunansa Idi don kada a hana shi. Na ce a gaban kowa, wanda ya ji kunyar sunan baftismarsa kada ya ƙara taka tabarmata. Ya ɗauki takalmansa ya fita. Sai ga labari wai ya faɗo daga kan dabino.

Dinari talatin-talatin direba ya karɓa, yana ta kukan layin mai kamar mu muka kafa shi. Bayan gari babu komai sai yashi da fasassun tayoyi. A bawwaba, wato shingen masu bindiga, an sauke mazan an duba takardunsu. Ni ko kallo ban ishe su ba. Dattijo ya koma barcinsa baki buɗe, leburori suna hirar gida. Ba wanda ya sa ni a ciki. Na saba. Ko a unguwa gaishe ni ake yi a wuce da sauri.

Ghuddwa kore ce shar, dabino shanye a kan leda ko'ina, ƙudaje na biki. Gona uku na shiga ina ɗaga murya, ina tambayar Bulus. A ta ukun wani tsohon lebura ya ja ni bayan tankin ruwa.

"Inna, sassauta murya, mai gonar nan yana jin Hausa. Idi kike nema."

Sunan da bawan Allah ya ɓoye don abincinsa, shi na yini ina watsawa a gari.

Na same shi kwance a ɗakin mutum shida, ƙafa ɗaure da sandunan dabino, ya rame. Tsohon ya ce su 'yan ɗakin sun raba aikinsa a tsakaninsu don kada mai gona ya sallame shi. Na tambaya ko sun san shi Kirista ne. Ya yi dariya.

"Tun ranar farko. Mutumin da ya fara alwala da ƙafa? Ran Lahadi ma bar masa ɗakin muke yi, ya yi waƙoƙinsa."

Na ce wa Bulus, "Ɗan nan, shirya mu tafi gida."

Ya dube ni. "Mama, waɗannan ne ke ɗaga ni in zaga bayan gida. Ina nan."

Da faɗa na zo a bakina, tun Sabha nake jera shi. Na haɗiye. Na roƙi bokiti, na wanke masa kaya, na goge gyambon da kwanciya ta yi masa a baya. Dattijo ya yi addu'a ƙasa-ƙasa. Aka kawo shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Bulus ya sha nasa, bai ƙara yi mini magana ba.

Kullum dattijo yana cewa Allah na gyara abin da ya karye a duniya, mu kuma mu sa hannu. Ni na ɗauka sa hannuna shi ne tsaron ƙofa. Ashe an fara ɗorin ba da ni ba, kuma abin da ya rage mini bokiti ne.

La'asar sakaliya muka iso Sabha. Na buɗe ɗaki, shiru, tabarmi a naɗe a kusurwa.

Da gari ya waye na soya nama, na daka dambu, na ƙulle a leda na kai wa direba a tasha. Ya tambaye ni wa zai ce a ba.

Na ce, "Idi."