Arzika Mai Jirgi, Ka Sauke Mu Lafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 16 ga Oktoba, 1968, cikin watan azumin tsofaffi, Allah ya karɓi ran taubashina Arzika mai jirgi, ɗan Gungun Faru, tsibirinmu na tsakiyar kogin Kwara, bayan ciwon ƙirjin da ya yi jinyarsa a tsaye, bai kwanta ba sai dab da ƙarshe. Mun rufe shi a sabon garin da gwamnati ta gina mana a tudu. Shi ne na farko da muka haƙa wa kabari a nan, ƙasar kuwa tauri gare ta, ba ta san mu ba tukuna.

Arzika, da kai nake. Tun muna yara ba ka taɓa barina na wuce salin-alin ba. Ka ce manomin albasa ko ya yi wanka da sabulu ana jin zuwansa tun daga nesa, ni kuma in ce tsakaninka da tarwaɗa ba a san wanda ya fi ƙarni ba. Yau na wuce ta mashigi, jirginka na ɗaure, ba wanda ya tanka mini.

Mutanen gungu sun san ba ka barin kowa a gaɓa. Ranar kasuwar Yelwa, ko ka tura jirgi, in ka hango tsohuwa tana ɗaga hannu sai ka juyo, masu sauri su yi ta mita kana yi musu dariya. Bitrus maƙwabcinmu ya zo gaisuwa yana kuka kamar yaro. Ya tuna mana yadda kowace Lahadi kake ƙetarar da iyalinsa zuwa majami'a, ka zauna gindin tsamiya kana jan carbi har su fito.

Akwai ƙa'idar da ka gada wurin mahaifinka, wadda duk masu jirgin gungunmu ke riƙe da ita: matuƙi ba ya cewa wayyo muddin akwai mutum cikin jirginsa. In ya nuna ciwo, tsoro zai kama mutane, su miƙe tsaye, jirgi ya kife. Kome ya same shi sai ya haɗiye har a taka tudu. Ƙa'ida ce mai kyau, ta ceci rayuka. Ita ce kuma ta ci naka.

Da aka datse Kwara a Kainji ruwa ya fara hawa, manyan jirage suka kwashe yawancinmu. Aka bar maka 'yan tsirarun gidaje da masu taurin kai. A cikinsu akwai Inna Tamada, tsohuwar da ta binne 'ya'yanta duka a gungun. Ta ce ba ta motsawa sai da dutsen niƙan da ta gada wurin uwarta. Ma'aikata suka ce ta yi haƙuri, za a kawo injin niƙa sabon gari. Ta ce, "Ku tahi abinku, ruwa ya ishe ni nan." Ruwan kuwa ya riga ya ci gonakin albasa, yana lasar katangarta.

Kai ne ka tone dutsen daga daɓen ɗakinta, ka rungumo shi a ƙirji. A bakin ruwa santsi ya kwashe ka, dutsen ya danne ka jikin jirgi. Ina tsaye, na ji wata ƙara kamar an karya busasshen kara. Ka miƙe kana murmushi, domin tsohuwar ta riga ta zauna ciki tana kallonka. Ka tuƙa ta har tudu ba ka ko yamutsa fuska ba.

Daga nan ka shiga kai da kawo cikin ruwan sama, mako bayan mako. Gorar tura jirgi ta daina taɓa ƙasa, ka koma tuƙi da filafili, kowane ja kuwa daga ƙirji yake fita. Ka naɗe haƙarƙarinka da rawani tamau a ƙarƙashin riga. Tari ya kama ka. Mariyamu matarka ta lura ba ka kwanciya ta hagu, kuma in tari ya taso sai ka dafa bango ka rufe ido. Ta zo ta gaya mini. Na tare ka a mashigi na ce ai kullum kana sauke mutane a tudu, ƙa'ida ta ba ka damar magana. Ka ce, "Yusha'u, gungun ga duk jirgi guda na. Ban sauke ba tukuna." Na yi faɗa, Bitrus ya yi roƙo, ka mai da mu abin wasa.

Ranar da gida na ƙarshe ya ƙetaro, ka ɗaure jirgi ka zauna a kan turɓaya, ka yafuto ni. Ban taɓa ganin tsoro a idonka ba sai ranar. Ka ce, "Taubashi, wai tari na karya ƙashi? Ɗazu na yi wani, na ji wani abu ya tsinke ciki, lumfashina ya ƙi cika. Aza kunnenka ga bayana." Na aza a dama, na ji iska na shiga tana fita. Na koma hagu, shiru, kamar gidajen da muka baro. Na daɗe da kunnena a wurin don kada ka ga fuskata.

A motar itace muka kai ka asibiti, kowane rami sai ka matse hannuna. Likita ya ce haƙarƙari biyu sun daɗe da karyewa, ɗaurin da ka yi ya hana ƙirji buɗewa har ciwo ya zauna ciki, sannan tarin ya tura tsinin ƙashi ya huda huhu, huhun hagu ya motse. Sun sa roba sun zuƙe iskar da ta taru, sun yi iyakar yinsu, amma zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinka. Ya ce da an zo da wuri, da wataƙila. Wannan wataƙilar ita ke hana ni sakat.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da kai, har yanzu ma bai gama sauka ba. Amma na san da ka kwanta tun ranar, da akwai waɗanda ruwa zai tarar a ɗakunansu, domin babu wani jirgin da ya rage.

Inna Tamada ba ta taɓa dutsen ba tun da aka ajiye mata shi. Ranar sadakar uku ta wanke shi, ta durƙusa da tsufanta ta niƙa geron gumbarka, ta hana kowa kama mata. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ya sauke mu. Bari in yi mai guzuri."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mariyamu, da 'ya'yanka Basiru da Rahamatu, da dukan mutanen Gungun Faru, Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya raya abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata maka kabari, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Yadda ka ƙetarar da mu ba ka bar kowa a gaɓa ba, Arzika, Allah ya ƙetarar da kai siraɗi, ya sauke ka lafiya. Amin.