Na Je Indiya Neman Mai Sassaƙa

Ni kafinta ne, kuma ba wani gwani ba. Na iya zarto, na iya buga ƙusa ta shiga ba ta lanƙwashe ba, shi ke nan. Karatu kuwa ban yi nisa ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka yawon buɗe ido ya kai ni Indiya. Taga ce ta kai ni.

Gidan da aka haife ni yana bayan Bab Makka a Jidda, tsohon gini na dutsen teku. Haya muke yi tun iyayena da suka zo hajji ba su koma ba. A gaban ɗakinmu akwai roshan, tagar katakon nan da ke fitowa waje kamar akwati, duk sassaƙa, iska na shiga amma ido ba ya shiga. A nan mahaifiyata take ajiye tulu ya yi sanyi, a nan take zama tana ƙulla gyaɗar sayarwa har Allah ya karɓi abinsa.

Mai gyara roshan ɗin wani tsoho ne Ba'indiye, shi ne mu'allim ɗina. Na ɗauki yarensu a bakinsa, amma sassaƙa bai koya mini ba, wai hannuna na mai faskare ne. Kullum zancensa garinsu a Gujarat, da ƙaninsa da ya fi shi hannu. Da ya rasu, katakon ya fara ruɓewa ba mai taɓawa.

Mai gida ya zo ya ɗaga kai ya duba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, tagar aluminiyam zan sa."

Na ce, "Ya ammi, ka yi mini haƙuri. Akwai wanda ya iya."

"Ina?"

"Indiya."

Ya yi dariya har da tari. "To je ka kawo shi, ni zan yi masa biza. In hajji ta wuce ba ka kawo ba, kada ka sake yi mini magana."

Uwar yarana ta ce, "Mutane na zuwa Indiya neman magani, kai za ka neman taga. Gidan ma na ubanka ne?" Na roƙi kafili, ubangidan da ke riƙe da takarduna, ya yi mini bizar fita da dawowa, na sayi jakar goyo ta gwanjo, na cusa riga da bargo da guntun sassaƙar da ya faɗo daga roshan ɗin.

Daga Bombay na hau jirgin ƙasa, taragon talakawa, a tsugune bakin banɗaki. Kwana a masallaci, abinci wake da gurasa, cikina ya ɓaci tun makon farko. Amma na ga abin da mu'allim yake faɗa, bai yi ƙarya ba. Na shiga wata rijiya da ake sauka cikinta ta matakala, bene ne sosai amma ƙasa ya nufa, kowane ginshiƙi da zanensa. Na ga wani ƙaramin masallaci da tagarsa dutse ne zalla, an huda shi ya zama bishiya, reshe na shiga reshe. Na tsaya baki buɗe. Mai gadin takalma ya taɓa fatar hannuna ya ce wani baƙar fata irina ne ya sa aka gina. Ban san me zan yi da wannan labari ba. Na ji daɗi na ɗan lokaci, sai ya tambaye ni daga ina. Na ce Jidda. Ya riƙe hannuna da hannu biyu: "Haji sahab, biza?"

Haka ko'ina. Mai shayi, mai keke, har ladan. Ni ina kallon gininsu, su suna kallon aljihuna ko akwai Jidda a ciki.

Na sami ƙanin mu'allim a wani lungu da gidajen katako suka kusa haɗa goshi. Gidan da ke gefensa ana kwance shi, ana loda ƙofofin a mota, wai masu otal ke saye. Tsohon yana zaune a dakali, idanunsa sun yi fari. Na sa masa guntun katakon a hannu. Ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, ya ce, "Aikin yayana ne. Har ya mutu bai gyara wannan kwanar ba." Ya yi murmushi. Hannun na rawa, ko kofin shayi sai an riƙe masa.

Ɗansa na tsaye a kanmu, saurayi mai agogo. Ya ce, "Kawu, ni na iya. Duk abin da Baba ya iya na iya."

Na dubi tsohon. Shi dai yana ta shafa katako. Na ce wa kaina wanda ya tashi a gaban wannan mutum ba zai rasa wani abu ba. Guzurina ma ya ƙare. Na karɓi hoton fasfo ɗinsa.

Saurayin ya iso Jidda kafin hajji. Ya hau tsani, ya soka sukudireba a katakon ta nutse kamar a tuwo. Ya sauko, ni bai ma kalle ni ba, ya ce wa mai gida da Larabcin da ya haddato a jirgi, "Kullu kharban. Aluminiyam ahsan." Wai duk ya lalace, aluminiyam ya fi. Mai gida ya dafa kafaɗarsa ya ce wannan yaro yana da hankali.

Ni na riƙe masa tsanin da ya kwance roshan ɗin. Katakon wani mai gasa kifi ya kwashe.

Yanzu yana da shagon aluminiyam a unguwar Bani Malik, da mota, da tumbi. Ni nake yanka masa ƙarfe. Har yau Kawu yake ce mini, ba ya raina ni, ranar Juma'a ma yakan aiko wa yara shinkafar biryani. Ɗakin namu kuwa ya zama tanda, sai da muka sa kwandishan mai sanyaya ɗaki. Guntun da na kai Indiya na dawo da shi, uwar yarana ta tokare kwandishan ɗin da shi don yana karkata.