Sunan Yaya a Wutsiyar Waƙa

Yayana yana da rumfa a Sabon Gari, nan Minna, ta cajin waya da tura waƙoƙi. Ka kawo memori, ya cika maka shi da abin da kake so, ya ƙara da abin da shi yake so. Tun ina budurwa na san shi da mawaƙi guda, wancan da ba a yin biki a Arewa sai an ji muryarsa. Hotonsa ne a bangon rumfar, shi ne a fuskar waya, har askin mutumin Yaya yake yi, alhali ƙeyarsa ba ta karɓe shi ba. Na sha gaya masa, bai taɓa ji ba.

Kowa ya san yadda mawaƙanmu suke yi, suna jera sunayen mutanensu a cikin waƙa. Manya a gaba, inda kiɗa ke da zafi, saura su biyo baya. Abin da Yaya yake nema a duniya ke nan, a ambace shi sau ɗaya. Shekara da shekaru yana kiran yaran mawaƙin a waya. Duk kaka sai ya tafi kasuwar Gwada ya zaɓo doya manya-manya ya ɗora a motar Kano a kai wa mawaƙin, matarsa tana kallo, ita da ba ta taɓa ganin irin wannan doyar a tukunyarta ba.

Aka wayi gari kuwa an ambace shi. Sunansa, da sana'arsa, da "na Minna", babu mai cewa wani ake nufi. Sai dai waƙar ita ce ta ƙarshe a jerin sababbin da aka saki, a kan tsufa take magana, kiɗanta a sanyaye, ga tsawo kamar layin gidan mai. Sunan Yaya kuma yana can wutsiyarta, daidai inda sauti ya fara mutuwa.

Ni dai na saurare ta, kuma in faɗi gaskiya ta fi sauran ratsa ni. A nan ne kaɗai na ji mutumin yana waƙa ba ihu ba. Amma masoyansa na Minna ko kallo ba ta ishe su ba. 'Yan keke na Barkin Sale, unguwar da nake aure, da sun ji ta fara sai su danna ta gaba. 'Yan mata suka sa mata suna maganin barci. Babu wanda ya taɓa kaiwa inda sunan yake.

Sai Yaya ya shiga cusa ta. Duk memorin da ya shigo hannunsa, ita ce ta farko, ko ka nema ko ba ka nema ba. Ina zaune a rumfar wata rana wata mai tuwo 'yar Bida ta dawo da nata a fusace.

"Malam, cire min wannan waka. Ba shi da dadi. Masu cin abinci suna tambaya wa ya mutu."

"Hajiya, ki dai ji ta zuwa ƙarshe," in ji Yaya yana murmushi.

"Ni ba ni da lokacin karshe."

Samarin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Daga ranar, duk wanda zai wuce sai ya leƙo ya ce, "Oga, an kai ƙarshen kuwa?" Haushi ya riƙa cina, nasu da nasa duka.

Ana nan sai wani attajiri ya gayyato mawaƙin bikin ɗansa. Yaya ya ɗinka shadda, ya samo mana katin shiga, ni da matarsa. A hanya ya ce min, "Yau a bakinsa za su ji, a gaban kowa." Na ce ya zauna a kujerarsa ya rufa mana asiri. Ya ce ni ban san tsakaninsu ba.

Bayan la'asar aka fara. Wuri ya cika, ana rawa ana liƙi. Da mawaƙin ya tsagaita yana shan ruwa, sai na ga Yaya ya miƙe ya nufi gaba, ya ɗaga murya ya roƙi waƙar. Nan take aka hau yi masa ihu, "Ba ma so!" Wani daga baya ya yi minsharin ƙarya, wuri ya ɗauka.

Mawaƙin ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Yaya, kuma ko daga inda nake na gane bai san shi ba.

"Bawan Allah, me ya haɗa ka da wannan waƙar?"

"Ranka ya daɗe, ni ne na Minna. Ka ambace ni a ciki."

Mutumin ya yi dariya a cikin makirufo, ya juya ga jama'a. "To bari in gaya muku sirrin sana'a. Kowane mawaƙi yana da waƙar da ya san ba za ta tafi ba. Duk wanda ya ishe mu da naci, can muke zuba shi, mu huta." Ya dafa kafaɗar Yaya. "Ashe kana ciki. Allah ya bar zumunci."

Ban taɓa jin dariya mai muni irin ta ranar ba. Mata suna riƙe ciki, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Yaya kuma yana tsaye yana taya su dariyar, don bai san me zai yi da fuskarsa ba. Matarsa ta ja mayafi ta rufe tata. Na tsani mawaƙin nan a lokacin, har yau kuma ban daina ba.

Washegari na biya rumfar da hantsi, ina zaton zan same ta a rufe. Na tarar da cincirindo. 'Yan keke, 'yan mata, har da mai tuwon nan, kowa da memori a hannu, kowa waƙar yake so a tura masa. Wani yaro mai kitso a kai ya ce, "Oga, ba duka ba. Yanko min daidai wurin masu nacin."

Yaya bai ɗago ba. Ya karɓi memorin, ya nemo wurin da sunansa yake, ya yanka masa.